Voyant, AntConc ko Python: wace hanya ce ta dace da mai binciken adabi da tarihi?

Mai bincike ya tara jaridun shekara talatin, ko littattafan ƙagaggun labarai ɗari biyu, ko wasiƙun wani malami da suka cika akwati, ga wa'adin miƙa kundi yana ta matsowa. A irin wannan hali ne masu ba da shawara ke yawaita. Wannan ya ce a zuba matanin cikin Voyant, manhajar nazarin matani da ke aiki a intanet, a sha mamaki cikin minti biyar. Wancan ya ce AntConc, wata manhajar irinta da ake saukewa a kwamfuta, ita ce ta masu aikin gaske. Wani ya rantse duk wanda bai koyi Python ba, wato harshen ba wa kwamfuta umarni, wasa yake yi. A 'yan shekarun nan kuma an samu na huɗu, mai cewa me ya yi zafi, a miƙa wa ChatGPT ya taƙaita komai.

Kowannensu akwai gaskiya a bakinsa, sai dai aikin da ke gabansa yake kallo, ba naka ba. Ni dai ga inda na tsaya tun daga farko. Mafi yawan masu nazarin adabi, tarihi, harshe da addini AntConc ya kamata su riƙe, su leƙa Voyant don share fage, kada su shiga koyon Python ko takwaransa R sai tambayarsu ta tilasta musu. Akwai waɗanda wannan shawara ba ta dace da su ba, kuma zan zo kansu.

Me kwamfuta take yi wa matani

Nema take yi, da ƙirga, da jerawa. Duk sauran abubuwan burgewa a kan waɗannan ukun aka gina su. A 1949 wani limamin Katolika ɗan Italiya, Roberto Busa, ya je wurin shugaban kamfanin IBM, Thomas Watson, yana neman a taimaka masa ya jera kowace kalma da ke cikin rubuce-rubucen malamin Kirista Thomas Aquinas da na wasu marubuta masu alaƙa da shi, kalmomin Latin kusan miliyan 11. Aikin ya ci wajen shekara talatin, ya fito cikin mujalladi 56 tsakanin 1974 da 1980. Masu karatun hadisi sun san irinsa a mu'ujamin lafuzzan hadisi da A. J. Wensinck ya faro a birnin Leiden na Holan, wanda mujalladinsa na farko ya fito a 1936, na bakwai sai a 1969. Wannan shi ne nau'in tambaya na farko: a ina kalma kaza ta zo, kuma me ke kewaye da ita?

Nau'i na biyu kwatantawa ne. A 1787 da 1788 an buga maƙaloli 85 a Amurka don jawo hankalin jama'a su amince da sabon kundin tsarin mulki, aka daɗe ana jayayya kan 12 daga ciki, ko Alexander Hamilton ne ya rubuta su ko James Madison. A 1964 masana lissafi biyu, Frederick Mosteller da David Wallace, suka bar manyan kalmomin siyasa suka koma ƙirga ƙananan kalmomin da marubuci ke furtawa ba tare da ya lura ba. Kalmar "upon", alal misali, Hamilton yana yawan amfani da ita, Madison kuwa da ƙyar take fitowa a alƙalaminsa. Lissafin ya nuna Madison ne.

Nau'i na uku shi ne neman wani sauyi a cikin tarin da ba mahaluƙin da zai iya karance shi. A 2018 Ted Underwood da David Bamman da Sabrina Lee sun bi littattafan ƙagaggun labarai na Turanci kimanin 104,000, suka tarar cewa kason da mata suka rubuta ya faɗo daga kusan rabi a 1850 zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu a 1950, akasin abin da mutane da yawa ke zato. Irin wannan ne Franco Moretti ya kira karatu daga nesa a wata maƙala ta shekarar 2000.

Ka duba tambayarka ka ga cikin ukun nan ina ta faɗa. Ta farko AntConc ya ishe ta har da saura. Ta biyu yana iya kai ka rabin hanya ko fiye. Ta uku ce ke neman Python ko R, kuma ita ce mafi ƙaranci a cikin kundayen digiri, ko da yake ita ta fi jan hankali a taron ƙara wa juna sani.

Matanin da kansa, wanda ba a cika maganarsa ba

Duk manhajojin nan rubutu suke karantawa, ba hoton rubutu ba. Shafin da ka ɗauka da waya ko ka yi wa sikanin hoto ne kawai a wurin kwamfuta, sai an bi da shi ta manhajar da ke mayar da hoto haruffa, wadda aka fi sani da OCR. A nan mafi yawan lokacin aikin yake tafiya, kuma a nan ne bincike ke lalacewa tun kafin a fara shi.

Littafin da aka buga da ɗab'i mai tsabta ba shi da wuya. Tesseract, wadda kamfanin HP ya fara ƙerawa aka sake ta kyauta a 2005, tana yin aikin. Tsohuwar jarida mai ginshiƙai da yawa da tawada ta dushe wani labari ne daban. Rubutun hannu kuwa sai an horar da manhaja da hannun marubucin. Manya biyu ne a wannan fage. Transkribus, wadda ta samo asali a Jami'ar Innsbruck ta Ostiriya, ta fi sauƙin shiga, tana da samfura da wasu suka riga suka horar, amma in shafuka suka yi yawa sai an biya. Ita kuwa eScriptorium, wadda aka gina a Paris a kan injin Kraken, kyauta ce kuma an tsara ta da la'akari da rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu kamar Larabci da Ibrananci, sai dai tana buƙatar a girka ta a wata babbar kwamfuta, ko ka samu cibiyar da za ta ba ka gurbi. Masu Transkribus da kansu suna ba da shawarar a fara kwafe kalmomi 5,000 zuwa 15,000 da hannu kafin a horar da samfurin rubutun hannu. Ma'ana, in duk abin da ke hannunka shafi sittin ne na hannun mutum ɗaya, kafin ka gama horarwa ka riga ka kwafe aikin. Zauna ka buga shi da kanka kawai, za ka ma fi sanin abin da ke ciki.

Kada alƙaluman inganci su ruɗe ka. In an ce kuskure kashi 5 cikin ɗari ne a matakin harafi, sai ka ji kamar ba komai. Yi lissafi: harafi ɗaya cikin ashirin ya ɓaci, kuma in kurakuran sun bazu ko'ina, kusan kalma ɗaya cikin kowace biyar mai harafi biyar za ta fito da aibi. Idon mutum zai gyara ya wuce. Manhajar ƙirga kuwa kalmar daban za ta ɗauke ta. Shahararren misali shi ne tsohon harafin "s" mai tsawo na littattafan Turanci kafin 1800, wanda OCR ke karantawa a matsayin "f", abin da ya cika Google Ngram Viewer, shafin da ke ƙirga kalmomi cikin tarin littattafai, da kalmomin bogi lokacin da aka buɗe shi a 2010. Shi ya sa masu aikin kundin shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan, shari'u sama da 197,000 daga 1674 zuwa 1913, suka sa mutane buga tsofaffin shafukan da hannu sau biyu, ana kwatanta bugun biyu don kama kuskure.

Sai ka adana kowane matani a fayil ɗinsa, rubutu zalla, cikin tsarin UTF-8 don kada haruffa masu lanƙwasa ko ɗigo su koma tarkace. Ka sa shekara da sunan marubuci a sunan fayil. Wanda ya yi wannan da kyau, kowace hanya ya bi za ta karɓe shi.

Voyant

Stéfan Sinclair na Jami'ar McGill, wanda ya rasu a 2020, da Geoffrey Rockwell na Jami'ar Alberta, duka a Kanada, su suka gina ta. Kyauta ce, a burauza take aiki, ba rajista, ba girkawa. Ka ɗora fayil na Word ko PDF ko rubutu zalla, allo ya rabu gida biyar: gajimaren kalmomi, matanin da kansa, zanen hawa da saukar kalma, taƙaitaccen lissafi, da kalma cikin mahallinta. Ka taɓa kalma a gida ɗaya, sauran su amsa. Don koyar da aji, ko don leƙa sabon tari ka ga me ke cikinsa a yammaci guda, ban san abin da ya kai ta ba.

Sauƙin nan kuma shi ne rauninta. Tana yanke maka hukunci da yawa ba tare da ta tsaya ta tambaye ka ba. Tana cire ƙananan kalmomi irin su "da" da "a" na harshen da ta gane, domin gajimaren ya yi kyau, alhali mun ga cewa su ne hujja a binciken gano marubuci. In kuma harshen bai shiga jerinta ba, gajimaren zai cika da waɗannan ƙananan kalmomi har sai ka rubuta naka jerin. Ana iya gyara duk wannan, amma mutane kaɗan ne ke buɗe saitin. Ga shi kana ɗora matanin ne a kwamfutar wasu. In hirarraki ne da aka yi wa masu su alƙawarin sirri, ko takardun da gidan adana kayan tarihi ya ba ka bisa sharaɗi, wannan matsala ce babba. Akwai VoyantServer da ake saukewa a yi aiki ba intanet, sai dai da zarar ka kai ga girkawa, sauƙin da ya jawo ka ya ragu.

Gajimaren kalmomin kuwa, don Allah kada ya shiga babin sakamako. Ado ne. Bai gaya wa kowa ko kalmar da ta yi ƙato ta zo ne sau ɗari uku a littafi ɗaya ko sau uku-uku a littattafai ɗari ba, kuma bambancin nan shi ne binciken.

AntConc

Laurence Anthony na Jami'ar Waseda da ke Tokyo ne ya rubuta ta. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kana sauke ta sau ɗaya ka ci gaba da aiki ba intanet, kuma matanin bai barin kwamfutarka. Fuskarta ba ta da ƙawa. Wanda ya saba da Voyant zai ga kamar an mayar da shi baya.

Zuciyarta ita ce jera kalma cikin mahallinta. Ka rubuta kalmar da kake nema, a kawo maka duk inda ta zo, layi bisa layi, ita a tsakiya, abin da ya gabace ta a gefe, abin da ya biyo ta a ɗaya gefen. Kana iya tsara layukan bisa kalmar da ke biye da ita, nan take ka ga waɗanne kalmomi take yawan tafiya da su. Ka danna layi, ya kai ka cikin shafin ka karanta sakin layin gaba ɗaya. Abin da Busa ya ƙarar da rabin rayuwarsa a kai ke nan, cikin daƙiƙa. Kuma wannan ne dalilin da ya sa na fifita ta: ba ta barin ka yi nisa da matanin. Mai nazarin tarihi da ke bin yadda jarida ke amfani da kalmar "'yanci" zai ga da idonsa cewa a wasu layukan 'yancin ƙasa ake nufi, a wasu 'yancin bawa, a wasu 'yancin mace a gidan aure. Zane zai haɗe su wuri ɗaya ya ba ka layi mai hawa. Karanta layi ɗari biyu zai raba su, kuma daga rabewar ne hujjar babi ke fitowa.

Abu na biyu mai ƙarfi shi ne kwatanta tari biyu. Ka ba ta jawaban shugaba kafin yaƙi a matsayin ma'auni, ka ba ta na bayan yaƙi, ta fito maka da kalmomin da suka yi yawa fiye da ƙima a na biyun, da lissafin da ke nuna ko bambancin ya wuce dace. Duk darajar sakamakon tana kan ma'aunin da ka zaɓa. In ka auna waƙoƙi da jaridu, abin da za ka gano shi ne waƙa ba jarida ba ce. Akwai kuma ɓangaren da ke zana inda kalma ta bazu a cikin kowane fayil, da mai fito da jerin kalmomin da ke maimaituwa tare, wanda ke da amfani ga mai nazarin waƙa ko addu'a ko salon wasiƙa.

Wuri ɗaya da ya kamata ka taɓa tun ranar farko shi ne saitin da ke fayyace me ake kira kalma. A yadda take zuwa, haruffa kawai take ɗauka, don haka alamar da ke tsakiyar kalma tana tsinka ta gida biyu. A harshe irin Hausa, inda wannan alama ɓangaren rubutun kalma ce, "jama'a" za ta rabu, lissafi ya karkace ba ka sani ba. Haka nan ba ta san nahawu ba. Ba ta san jam'i da tilo kalma ɗaya ce ba sai ka gaya mata. A Larabci, inda harafin haɗi da lamiri ke manne da kalma, kalma guda tana iya watsuwa zuwa siffofi da dama, sai ka koyi nema da alamar tauraro (*), mai tsayawa a madadin kowaɗanne haruffa, ko ka shigar da jerin tushen kalmomi.

Iyakarta a bayyane take. Tana jin jiki in kana son haɗa lissafi da bayanan da ke wajen matani, kamar jinsin marubuci da garin bugu da shekara, duka a lokaci ɗaya. Kuma komai da hannu ake dannawa. In ka gano kuskure a matanin bayan wata uku, sai ka sake bin matakan ɗaya bayan ɗaya.

Python da R

Waɗannan harsunan ba wa kwamfuta umarni ne. Guido van Rossum ya fitar da Python a 1991. R kuma Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka faro shi a Jami'ar Auckland ta New Zealand, don masu lissafin ƙididdiga. Abin da suke ba ka shi ne 'yancin yin tambayar da mai manhaja bai tanada ba, da kuma ikon maimaita aiki. Ka rubuta matakan sau ɗaya, daga tsaftace matani har zuwa zane, in wani abu ya sauya ka sake sakin su, su bi fayil dubu goma yayin da kake wani aikin. Wanda ke shakkar sakamakonka yana iya karɓar umarnin ya gwada da kansa.

Akwai binciken da ba ya yiwuwa sai ta wannan hanya. Shirin KITAB da Sarah Savant ke jagoranta a cibiyar Jami'ar Aga Khan da ke Landan yana kwatanta dubban littattafan Larabci da juna don gano inda wani malami ya ɗauko sashe daga wani, ko ya ambace shi ko bai ambata ba. Ryan Cordell da David Smith sun yi irinsa da jaridun Amurka na ƙarni na 19, suna bin yadda labari ɗaya ke yawo daga jarida zuwa jarida. Ba kalmar da za ka rubuta a akwatin nema ta ba ka wannan, domin ba ka san abin da kake nema ba tukuna. Haka hanyar rarraba matani zuwa jigogi, wadda David Blei da abokan aikinsa suka bayyana a 2003. Cameron Blevins ya gwada ta a 2010 a kan littafin tarihin yau da kullum na wata ungozoma Ba'amurkiya, Martha Ballard, wadda ta yi rubutu daga 1785 zuwa 1812. Jigon sanyi ya hau a watannin hunturu, na lambu ya hau a lokacin shuka. Abin lura shi ne ya fara auna na'urar da abin da kowa ya sani kafin ya yarda da ita a kan abin da ba a sani ba.

Kuɗin shiga kuwa lokaci ne, kuma watanni ake magana, ba makonni ba. Darasin farko yana da daɗi. Wahalar tana zuwa ne ranar da fayilolinka na gaskiya suka ƙi buɗuwa, ko wani ƙunshin umarni ya ƙi zama da wani. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ya rage masa wata shida ya miƙa kundi kuma bai taɓa rubuta layin umarni ba, ya haƙura da wannan a wannan karon.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne kuskuren da ba ya ihu. Umarni zai gudana lafiya, zane ya fito tsaf, amma a ƙarƙashi an ƙirga abin da ba shi ba ne. Ƙwararru ma ba su tsira ba. A 2015 Matthew Jockers ya fitar da wani ƙunshi na R mai suna Syuzhet, mai zana hawa da saukar farin ciki da baƙin ciki a cikin labari, sai Annie Swafford ta nuna cewa dabarar lissafin da ake daidaita layin da ita tana iya haifar da tudu da kwari da babu su a labarin. A 2019 Nan Z. Da ta buga doguwar suka a mujallar Critical Inquiry, inda ta ce yawancin irin waɗannan ayyuka a fagen adabi, abin da ya tabbata a cikinsu kowa ya riga ya sani, abin da yake sabo kuma bai tabbata ba. An mayar mata da martani mai zafi, kuma a ganina ta wuce gona da iri, amma duk mai niyyar shiga fagen ya kamata ya san da hujjarta. Darasin shi ne Python ba ya zuwa shi kaɗai. Sai an haɗa da ɗan ilimin ƙididdiga, in ba haka ba ka samu ƙarfin yin kuskure mai girma cikin sauri.

Tsakanin su biyun ba sai an ja dogon zance ba. R ya fi daɗi wajen ƙididdiga da zane, kuma yana da ƙunshin umarni mai suna stylo na Maciej Eder da Jan Rybicki da Mike Kestemont, wanda ke yin binciken gano marubuci bisa ma'aunin da John Burrows ya gabatar a 2002, har da taga ta danne-danne ga wanda bai ƙware ba. Python ya fi yawan kayan tsaftace matani, da kwaso bayanai daga intanet, da aiki da sababbin samfuran harshe. In da wanda ya iya ɗaya a kusa da kai, ɗauki nasa. Darussan shafin intanet na Programming Historian kyauta ne, masana ke tace su, ana samun su da Turanci da Sifaniyanci da Faransanci da harshen Fotugal, kuma da misalan tarihi da adabi aka gina su.

Na huɗun da ya shigo daga baya

ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, wasu irinsa suka biyo baya. Waɗannan manhajojin ƙirƙirarriyar basira hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya suke yi, shi ya sa zancensu ke da santsi ko sun sani ko ba su sani ba. Ka tambayi ɗaya sau nawa kalma ta zo a littafi, yana iya ba ka lamba da cikakken ƙarfin hali ba tare da ya ƙirga ba. Ka sake tambaya gobe, amsar ta sauya. Bayan shekara guda an janye samfurin, ba mai iya maimaita abin da ka yi. Suna kuma ƙago madogara: a 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙiro. Ƙwarewarsu tana raguwa a harsunan da ba su da yawan rubutu a intanet da kuma tsohon salon harshe, wato daidai inda masu binciken tarihi suka fi aiki.

Duk da haka sun sauya lissafin da na yi a sama ta fuska ɗaya. Suna rubuta umarnin Python, suna fassara saƙon kuskure, suna tsara maka ƙa'idar nema mai sarƙaƙiya da za ka liƙa a AntConc. Wanda ya san tushe kaɗan yanzu yana iya yin abin da a da sai ya shekara yana koyo. Sharaɗin shi ne ka iya karanta abin da aka rubuta maka. A sa su rubuta abin da zai ƙirga, kada a sa su ƙirga. In kuma ka sa su rarraba dubban sakin layi zuwa rukuni, ka ɗebi wasu ɗaruruwa ba zaɓe ka rarraba da kanka, ka kwatanta, ka rubuta yawan saɓanin a cikin kundin.

To, wa zai ɗauki wanne

Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne ranar kare kundi. Mai jarrabawa zai nuna wata lamba a shafi ya ce, daga ina wannan ta fito? Mai AntConc zai iya buɗe layukan ya nuna su ɗaya bayan ɗaya. Mai Python da ya fahimci umarninsa zai iya bin matakan. Mai Voyant da bai taɓa buɗe saiti ba zai yi ta kame-kame. Wanda ya karɓo daga ChatGPT ba shi da abin nunawa sai hoton hira.

Saboda haka, mai littafi biyar ko goma ya karanta su da fensir a hannu, ya yi amfani da AntConc don tabbatar da abin da idonsa ya gani, kamar da'awar cewa marubuci ya daina amfani da wata kalma bayan wani lokaci. Mai matani daga gommai zuwa 'yan dubbai, wanda tambayarsa ta shafi ma'anar kalmomi da sauyinsu, AntConc ne gidansa, Voyant kuma don kallon farko da koyarwa. Mai tambayar wa ya rubuta wannan ya nufi stylo kai tsaye, ba sai ya koyi R gaba ɗaya ba, amma ya tabbata yana da isassun rubuce-rubucen da ba a jayayya a kansu daga kowane wanda ake zato, masu nau'i ɗaya da wanda ake bincike. Mai fayil dubun dubata, ko mai son haɗa matani da taswira ko da alaƙar mutane, ko wanda ke farkon digiri na uku kuma yana ganin wannan ne fagensa na gaba, ya fara Python yanzu. Alamar da ba ta ƙarya ita ce ka tsinci kanka kana maimaita danne-danne iri ɗaya kana kwashe lambobi zuwa Excel da hannu. Akwai kuma hanyar haɗa gwiwa da wanda ya iya, muddin za a zauna tare a kan tambayar tun farko kuma sunansa zai fito a aikin.

Wani abu guda ya shafi dukansu. A 2013 Ian Milligan ya nuna cewa bayan an sa jaridun Toronto Star da Globe and Mail a intanet, ambatonsu a kundayen digirin tarihi na Kanada ya yi tashin gwauron zabi, jaridun da suka rage a takarda kuma aka bar su a baya. Manhaja abin da aka ba ta kawai take gani, kuma abin da aka riga aka mayar na kwamfuta yawanci na manyan birane ne da manyan harsuna. A babin hanyoyin bincike ka faɗi abin da ke cikin tarinka da abin da ba ya ciki da dalili, ka rubuta lambar sigar manhajar da saitin da ka sauya. Kafin ka saki kowace manhaja a kan tarin gaba ɗaya, ɗauki fayil guda, ka ƙirga wata kalma da hannu, ka ga ko lambarka ta yi daidai da tata. In sun saɓa, yawanci laifin yana wurin OCR ko wurin saitin da ke yanka kalmomi.